Foldscope a ajin bayoloji: me yake iya nunawa a kan ganyen da naman gwari ya kama?

Darasin cututtukan ganye a sakandare galibi a kan allo yake ƙarewa. A zana ganye, a yi masa ɗige-ɗige, a rubuta cewa naman gwari ne sanadi, ɗalibai su kwafa. Shi mai ɓarnar ba a ganinsa, domin ƙwayoyin irinsa sun fi ƙarfin ido. Yawancinsu ba su wuce maikiromita 10 zuwa 40 ba, alhali sai an jera maikiromita 1,000 kafin a cika milimita ɗaya. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko Foldscope, madubin likitan nan na takarda, zai iya fito da su fili har ɗalibi ya gane yadda cutar ke aiki.

Manu Prakash da Jim Cybulski ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kuma wallafa bayanin ƙirarsa a 2014. Yana zuwa ne a shimfiɗe, a kan takarda mai kauri wadda ruwa ba ya jiƙa ta. Ana ɓalle sassan, a naɗe su, a saƙala wannan cikin wancan, ba a bukatar gam. Idan an gama haɗawa nauyinsa bai kai giram 10 ba. Zuciyar na'urar wani ɗan ƙwallon gilashi ne mai faɗin kusan milimita 2.4, shi ne lensin, yana ƙara girman abu sau 140, kuma yana iya raba abubuwa biyu da ke da tazarar maikiromita 2 a tsakaninsu. Akwai wurin zura silaid, wato ɗan falon gilashin da ake ɗora abin dubawa a kai, akwai abin zamewa da ake turawa da babban yatsa don gyara gani, akwai kuma maganaɗisu da ke manna lensin da kyamarar waya. Sabon samfurin, Foldscope 2.0, yana da lensi uku da ake sauyawa: na sau 50, na sau 140 da na sau 340.

Waɗannan alƙaluma biyu, 140 da 2, su ne ke yanke hukuncin abin da za a gani. Ƙwayar iri mai maikiromita 30 za ta bayyana kamar abu mai milimita 4 da ɗoriya, wato za a ga siffarta da launinta sarai. Zaren naman gwari, wanda kaurinsa kan kama daga maikiromita 2 zuwa 10, zai fito a matsayin zare. Abin da bai kai maikiromita 2 ba kuwa, ko an ja hoton a waya har ya cika fuskarta, dishi-dishi kawai za a samu.

Akwai ƙa'idoji biyu da duk mai amfani da shi ya kamata ya haddace tun kafin ya tsinko ganye. Haske ta bayan samfur yake shigowa, ya ratsa shi, ya isa ido. Ganye ɗungurungum ya yi kauri da yawa. Wanda ya zura shi haka a cikin na'urar duhu mai ɗan kore zai gani, sai ya ɗauka na'urar ce ba ta aiki. Dole a ɗauko naman gwarin daga kan ganyen, ko a wanke koren ganyen har haske ya iya wucewa. Na biyu, tazarar da ke tsakanin ƙwallon gilashin da inda yake gani sosai kusan rabin milimita ce kacal. Kaurin silaid na gilashi kusan milimita 1 ne, murfinsa kuma kusan 0.17. Saboda haka ɓangaren da samfurin yake, wato gefen murfi, shi zai fuskanci lensi. Idan aka juya silaid baibai, ko kwana aka yi ana tura abin gyara gani ba za a ga komai ba. Mafi yawan ƙorafin cewa "ba ya nuna komai" daga waɗannan biyu yake fitowa.

A nan ne cutar farin gari ta zama wurin farawa mafi dacewa. Ita ce ke sa ganyen kabewa, kokwamba, inabi ko wardi ya yi fari-fari a sama. Naman gwarin da ke jawo ta a waje yake zaune, zarurrukansa a shimfiɗe a kan fatar ganye, sai ƙananan gaɓoɓin tsotso da yake cusawa cikin sel na fatar, wato ƙananan ɗakunan halitta da suka gina ta, yana zuƙar abinci. Tunda kusan duk jikinsa a fili yake, salatif ya isa ya ɗauko shi. A yanki salatif mai haske tangaram, tsawon santimita 2, ban da mai hazo-hazo. A ɗora gefen gam a bakin farin tabon, inda ƙurar ba ta yi kauri ba, a taɓa sau ɗaya a hankali, a ɗaga. A ɗiga ruwa ɗigo guda ƙarami a kan silaid, a kwantar da salatif ɗin a kai, gam na kallon ruwa. Salatif ɗin shi ne ya zama murfi.

Idan an yi daidai, abin da za a gani yana da kyau ƙwarai: zarurruka marasa launi, daga jikinsu wasu gajerun sanduna sun miƙe, a kan kowace sanda ƙwayoyin iri masu siffar ƙwai sun jeru kamar tasbaha. A kan dangin kabewa, inda Podosphaera xanthii ya fi yawa, jerin kan yi tsawo. Tsawon kowace ƙwaya kusan maikiromita 25 zuwa 40 ne, don haka lensin sau 140 yana nuna su ba tare da wahala ba. Ɗalibin da ya ga wannan jeri ba sai an yi masa dogon bayanin yadda iska ke yaɗa cutar ba, yana gani ta saman za ta ɓalle da zarar an kaɗa ganye. Daga nan malami zai iya ƙara abin da littattafai da yawa ke tsallakewa: farin gari ba ya bukatar ruwa ya kwanta a kan ganye kafin ya tsiro. Inuwa da iska mai laima sun ishe shi, ruwan sama mai ƙarfi ma kan rage shi.

Matsaloli uku ke ɓata wannan gwaji. Idan aka danna salatif da ƙarfi, jerin zai wargaje, a samu tarin ƙwayoyi a cakuɗe. Ƙwayoyin kuma ba sa son jiƙa, sai kumfar iska ta maƙale a jikinsu, ta bayyana a matsayin baƙin zobe mai kauri da haske a tsakiya. Ɗalibai da dama kumfar suke zanawa su rubuta mata sunan ƙwayar iri. Maganinta ɗigo ɗaya na sabulun ruwa a cikin mililita 100 na ruwan da za a yi amfani da shi. Na uku, gam ɗin salatif yana yin gajimare idan ya jima a ruwa, saboda haka a duba nan take, kada a haɗa silaid yau don darasin gobe.

Batun rini kuwa, abin da ɗakunan gwaji ke amfani da shi shi ne shuɗin rinin laktofenol, wanda ke kama bangon naman gwari ya mai da shi shuɗi. Yana aiki sosai, amma yana ɗauke da fenol mai ƙona fata, kuma Foldscope abu ne da ake mannawa a ido. Bai dace a haɗa su a hannun yara ba. Shuɗin metilin da aka tsinka da ruwa sosai ya wadatar, ko tawadar alƙalami kashi 5 a cikin ruwan khal kashi 95, sai dai ba kowace tawada ke kamawa ba, a gwada kafin ranar darasi.

Cutar tsatsa ce wurin da na'urar ta fi burgewa, domin ƙwayoyinta da launinsu suke zuwa, ba a bukatar rini. Ana gane ta da ƙananan ƙuraje masu ruwan goro ko ruwan ƙasa a ganyen alkama, masara, wake ko gyaɗa. Idan aka shafa yatsa a kai, gari mai launin tsatsa zai biyo shi. A ɗan kankaro ƙurji guda da tsinin allura, a motsa a cikin ɗigon ruwa, a rufe. Kaɗan ake so. Idan garin ya yi yawa ƙwayoyin za su hau kan juna su tare haske. Za a ga su kewayayyu ko masu ɗan tsawo, maikiromita 20 zuwa 30. A jikinsu akwai ƙananan ƙayoyi, amma waɗannan sun yi wa lensin sau 140 ƙanƙanta, gefen ƙwayar ne kawai zai ɗan yi kaushi. A ƙarshen kaka ƙurajen dangin Puccinia, wani rukuni na naman gwarin tsatsa, kan yi baƙi, kuma idan aka duba su za a ga wani nau'in ƙwaya daban: mai duhu, mai ɗaki biyu, a kan 'yar sanda. Wannan ita ce mai jure mummunan yanayi. Ganin nau'i biyu daga ganye ɗaya ya fi kowane zane bayyana cewa naman gwari ɗaya kan fitar da iri fiye da ɗaya a rayuwarsa.

Akwai gwaji ɗaya da ya cancanci a ba shi lokaci. A barbaɗa garin tsatsa sabo a kan ɗigon ruwa a silaid, kada a rufe. A sa silaid ɗin cikin akwatin roba mai murfi, da jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa, a ajiye a wuri mai duhu da ɗan sanyi ya kwana. Wani silaid ɗin a barbaɗa masa a bushe. Washegari a rufe su a duba. A mai ruwan, ƙwayoyi da dama za su fitar da siririn bututu, a busasshen babu ko ɗaya. Abin da ke faruwa a gona ke nan idan raɓa ta kwanta a ganye na wasu sa'o'i: bututun ya rarrafa a kan fata har ya sami ƙofar numfashi, wato 'yar kafar da iska ke shiga ganye ta ciki, ya kumbura a bakinta, ya shige. A ciki zarurrukan suna bi tsakanin sel-sel suna tsotsa ba tare da sun kashe su nan da nan ba. Bayan kwana 7 zuwa 10, idan yanayi ya yi masa daɗi, sabon ƙurji ya fasa fatar ganyen ya fito. Fashewar nan kanta illa ce, domin kowane ƙurji kafa ce da ruwa ke tsiyayewa ta ciki ba tare da ganyen ya iya rufe ta ba. Ga ƙarancin abinci, ga asarar ruwa, shi ya sa tsatsa mai tsanani ke busar da ganye tun kafin lokacinsa. Irin wannan cuta ce, Hemileia vastatrix, ta bayyana a gonakin kofi na Sailan, wato Siri Lanka ta yau, a 1869, ta durƙusar da noman kofi a tsibirin. Haka nan nau'in tsatsar alkama da ake kira Ug99, wanda aka fara gani a Yuganda a 1998, ya tayar da hankalin masu binciken alkama a duniya.

Ƙofofin numfashin su ma Foldscope yana nuna su da kyau, ta hanyar man farce marar launi. A shafa shi siriri a bayan ganye, faɗin santimita 1, a bar shi minti 10 zuwa 15 ya bushe, a ɗauko shi da salatif a manna a silaid. Ba a bukatar ruwa. Za a ga hoton sel biyu masu gadi da kafar da ke tsakaninsu. A yi na saman ganye a kwatanta. A yawancin tsirrai masu faɗin ganye ƙofofin sun fi yawa a baya, abin da ke taimakawa wajen bayyana dalilin da ya sa tsatsa da yawa ke fara fitowa ta can. Ganye mai gashi ba ya ba da hoto mai kyau, a zaɓi mai santsi.

Da aka zo kan cututtukan tabo, aiki ya ɗan yi wuya. Waɗannan, irin su Alternaria da Cercospora, kashe sel suke yi sannan su ci gawar. Suna fitar da guba da sinadaran narkar da bango, shi ya sa tsakiyar tabon ke bushewa ta yi ruwan ƙasa, a kewaye da ita kuma a ga rawayan zobe inda koren ganye ya fara lalacewa. Matsalar ita ce sau da yawa ba a tarar da ƙwayar iri a kan tabon da ya bushe. Sai an lallashe shi. A yanko gefen tabon tare da ɗan ɓangaren da ke da lafiya, a tsoma cikin ruwan bilic kashi 1 a ruwa kashi 9 na minti ɗaya, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a sa a leda mai zif tare da takarda mai danshi, ba wadda ke ɗiga ba. Bayan sa'a 24 zuwa 48 a taɓa da salatif. Idan aka wuce kwana biyu zuwa uku, fumfunar da ba ruwanta da cutar za ta rufe komai.

Ƙwayoyin Alternaria solani, mai yi wa ganyen tumatir da dankalin turawa tabo mai zobe cikin zobe, manya ne sosai, da dogon baki, tsawonsu kan kai maikiromita 150 zuwa 300. Ruwan ƙasa ne, da bangaye a ciki a tsaye da a gicciye, kuma lensin yana nuna bangayen tsaf. Na Cercospora sirara ne, dogaye, marasa launi, suna ɓacewa a cikin haske idan ba a yi rini ba. Amma a nan akwai tarko. Wani ɗan'uwan na farko, Alternaria alternata, mai ƙananan ƙwayoyi a jere, yana sauka a kan kusan kowane mataccen ganye, ko mene ne ya kashe shi. Ganinsa a kan tabo bai tabbatar da cewa shi ya jawo tabon ba. Malami mai lura zai mai da wannan darasi: kafin a ɗora wa wata halitta laifin cuta, sai an ware ta, an sa wa lafiyayyar shuka, alamomin sun sake fitowa, an kuma sake ware ta daga nan, kamar yadda sharuɗɗan Robert Koch, masanin ƙwayoyin cuta ɗan Jamus, suka tanada. Foldscope mataki na farko kawai yake taimakawa a kai.

Inda ya gaza kuwa, ya gaza a fili. Gaɓoɓin tsotso da ke cikin sel, waɗanda su ne ainihin bayanin yadda naman gwari ke cin ganye mai rai, da wuya a gan su. Yankan ganye a gicciye da reza yana yiwuwa, amma sai ya yi siriri ƙwarai, kuma zurfin da lensin ke gani a lokaci guda kaɗan ne, sai a ga rabin samfur ya fito rabi ya dushe. Jiƙa ɗan yankin ganye a cikin barasar gwaji ta etanol ya kwana, har ya yi fari, sannan a rina shi, yana nuna zarurrukan da ke kan fata da bututun tsiro, amma cikin ganyen na nan a rufe. Lensin ƙwallo kuma tsakiyar hoto kaɗai yake fitarwa da kyau, gefe-gefe na lanƙwashewa su yi hazo, don haka duk abin da ake son dubawa sai an jawo shi tsakiya. Bakteriya, masu maikiromita 1 zuwa 2, suna daidai bakin iyakarsa, bairos kuwa ba a ma maganarsa. Idan ganye ya yi rawaya saboda bairos ko ƙarancin naitirojin, na'urar ba za ta nuna komai ba, kuma rashin ganin ƙwayar iri ba hujja ba ce cewa babu naman gwari.

Haka nan ba zai raba gardama tsakanin naman gwari na haƙiƙa da masu kama da shi ba. Phytophthora infestans, wanda ya lalata dankalin Ayaland tun daga 1845, da masu jawo fumfunar bayan ganye, tsofaffin littattafai na lissafa su cikin naman gwari. Yanzu an san dangi ne daban, bangonsu na selulos ne, na naman gwari kuma na kaitin. A ƙarƙashin lensin duk zare ne da ƙwaya. Wannan bambanci sai dai malami ya faɗa da baki.

Sai batun haske da waya. Da ido, ana manna na'urar kusa da ido ƙwarai a fuskanci farin bango mai haske, ko taga, ko fitila mai laushin haske. Rana kai tsaye haramun ce, a gargaɗi ɗalibai tun kafin a raba musu. Haske mai ƙarfi fiye da kima yana shafe abubuwa marasa launi irin su ƙwayoyin farin gari, a sa farar takarda siririya tsakanin fitila da samfur ta tausasa shi. Waya ta fi sauƙi ga aji, domin mutum huɗu ko biyar za su kalli abu ɗaya, malami ya nuna da yatsa. Sai dai wayoyi masu kyamara uku ko huɗu kan yi tsalle daga wannan kyamara zuwa waccan idan aka ja hoto, sai fuskar ta yi baƙi. A toshe kyamarorin da yatsa ɗaya bayan ɗaya don gano wadda ke aiki, a manna maganaɗisun daidai tsakiyarta, kada a ja hoto fiye da ninki biyu ko uku.

Na'urar ba ta auna girman ɓarna, kuma darasin bai cika ba sai da wannan. A kwantar da ganye a kan takardar giraf, a zana gefensa da gefen kowane tabo, a ƙirga murabba'ai, a fitar da kashi nawa cikin 100 ya daina haɗa abinci. A kuma yi gwajin sitaci da aidin a ganye mai cuta da lafiyayye waɗanda suka sha rana daidai. Mataccen tabo ba zai yi shuɗi-baƙi ba. A ganye mai tsatsa kuwa ana iya ganin akasin abin da aka zata: kewayen ƙurjin ya yi duhu, domin naman gwarin yana janyo abinci zuwa inda yake, har wurin kan ci gaba da zama kore bayan sauran ganyen ya yi rawaya.

Ga makarantar da ke da madubin likita ɗaya tak ko ba ta da ko ɗaya, Foldscope ya cancanci a saya don wannan darasi, da sharaɗin malami ya haɗa nasa ya gwada salatif, tsatsa da man farce kafin ya shiga aji. Wadda ke da isassun madubai masu lensin sau 400 ba ta bukatarsa a ɗakin gwaji, sai dai don fita lambu. Idan da zaɓi, samfurin mai lensi uku ya fi, saboda lensin sau 50: yana nuna fili mai faɗi, a gano inda ƙwayoyin suka taru, sannan a sauya zuwa 140. Na sau 340 yana son haske mai ƙarfi da hannu marar rawa, ga ɗaliban sakandare wahalarsa ta fi amfaninsa. A haɗa da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, domin shi ke nuna ƙurji ko farin tabo a kan ganyen yana raye, abin da Foldscope ba zai iya ba. Lensin kuma a riƙa goge shi da auduga mai tsabta a kan tsinke bayan kowane darasi. Gam ɗin salatif ko ɗigon rini ɗaya a kan ƙwallon gilashin ya isa ya sa duk silaid da aka zura daga baya ya fito da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya. Idan aka motsa silaid tabon bai motsa ba, dattin lensi ne.